Godiya ga duk wanda ya tsaya mini a wannan jinya

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, jiya na samu sallar Juma'a, karo na farko cikin mako uku. Waɗanda suka yi ta kira ba a ɗauka, ku yafe ni, jiki ne ya ƙi. Abin da ya kwantar da ƙaton mutum kamata kuwa, har da kunyar faɗa, kaska ce.

Da ruwa ya zauna na je gonarmu da ke bayan Giwa duba masara. Gonar tana bakin burtali, shanu na bi safe da yamma, ni kuma na kutsa cikin ciyawa da silifa, wando a naɗe. Washegari wajen wanka na ji wani ɗan ƙullutu a bayan gwiwa, ashe ita ce ta kafa kai. Na yi mata abin da muka tashi muka ga ana yi: na ɗiga kananzir, na fizge ta da farce, na murtsuke ta da yatsa, na manta da zancen.

Kwana 6 tsakani zazzaɓi ya rufe ni. Kai kamar zai tsage, wuya ya sanƙare, ga kaluluwa a cinya. Kowa ya ce maleriya ce, ni ma haka na ce. Wani mai kemis ya haɗa mini magani ba gwaji, na sha kwana uku, ko gezau. Ban ɗora masa laifin duka ba, don ban gaya masa labarin kaskar ba. Ko a raina ban haɗa su ba.

Bayan Allah, godiyata ta farko ga ƙanin uwargida ce, wanda likitan dabbobi ne. Dubiya kawai ta kawo shi. Ina miƙe a tabarma ya hango wani baƙin ɓawo a bayan gwiwata, kewayensa ya yi ja, kamar an ɗana mini wutar sigari. Ya ce, "Yaya, ka shiga wurin shanu kwanan nan?" Na ba shi labari ina dariya, shi bai yi dariya ba. A daren ya sa ni a mota, ya ce in mun isa asibiti kaskar zan fara ambata kafin zazzaɓin. Shekara nawa ina tsokanarsa da likitan awaki, yau ga shi awakin sun yi mini rana.

Ina godiya ga likitar da ta karɓe mu. Gwajin maleriya bai nuna komai ba. Ta yi ta tambayata ko na ga jini a dasashi, ko haɓo, ko a bayan gida, ko na yi fiɗar dabba. Daga baya ta bayyana mini dalili: akwai zazzaɓin Crimean-Congo da kaska da jinin dabba ke yaɗawa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana iya kashe har kashi 40 cikin 100 na waɗanda ya kama. Allah Ya sa nawa ba shi ba ne, zazzaɓin cizon kaska ne da ke jin magani. Ta ɗora ni a kan doxycycline safe da dare na mako guda, cikin kwana biyu zafin jikin ya sauka.

Ita ce kuma ta nuna mini wautata. Kananzir, ko wutar ashana, ko matse cikin kaska, duk suna iya sa ta amayo abin da ke cikinta a jikin mutum. Da matsefata ake kama ta dab da fata, a ja a miƙe a hankali, a wanke wurin da sabulu, a riƙe ranar a ka. Murtsukewar da na yi da yatsa ma ta ce ganganci ne.

Uwargida, ke kam ba ni da bakin gode miki. Kin kwana kina jiƙa tsumma, kin kuma bi yara ɗaya bayan ɗaya kina duba bayan kunne, hammata da cikin gashi, tunda biyu sun raka ni gonar. Allah Ya saka miki da Aljanna.

Maƙwabtanmu na ruga sun aiko da ƙwaryar kindirmo har gida, ga shi an hana ni haɗa maganin da nono sai an ba da tazarar awa biyu. Haka na riƙa zama ina kallon ƙwarya ina kallon agogo, kamar kaskar da aka ce za ta mutu da haushin kifi. Na gode, Allah Ya ƙara albarka a garke. Samarin da suka yi gayya suka nome mini gonar ba tare da na roƙa ba, da Liman da jama'ar masallacinmu da suka yi ta addu'a, da abokan aiki da suka riƙe mini wurina, Allah Ya biya ku.

Sannan akwai kulolin abinci guda biyu, ja da mai ruwan ƙasa, har yanzu suna gidanmu ba mu gane masu su ba. Mai su ya turo yaro ya karɓa, an wanke.