Bashen Baba: daga gindin bedi zuwa kasuwar Mirya

Shekara tara motar nan tana tsaye a bayan gidanmu a Zango, gindin bedi, tun da ciwon ƙafa ya hana Baba tuƙi. Peugeot 504 ce, a-kori-kura, irin wadda mu nan Damagaram muke ce wa bashe. Kaji sun mai da gidan gaba wurin saka ƙwai, gara ta cinye katakon da aka shimfiɗa a baya, tayoyin huɗu sun nutse cikin rairayi. Bayan rasuwar Baba, Allah ya ji ƙansa, da aka zauna rabon gado, masu sayen tsohon ƙarfe suka zo suka yi mata kuɗi da kilo. Inna ba ta ce uffan ba, ta dai tashi ta shige ɗaki. Ni kuwa na ce a sa ta cikin rabona. Yayana ya yi dariya, ya ce kowa ya gaji dukiya, ni na gaji wahala.

Ba tausayi kaɗai ya sa na karɓe ta ba, na yi lissafi. Ina ɗan kasuwancin hatsi da albasa, kuɗin da nake ba masu mota duk mako ya ishe ni. Sannan 504 ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. A 1968 ta fara fitowa a Faransa, mai buɗaɗɗen bayan ta biyo a 1979, kuma kamfanin da aka buɗe a Kaduna a 1975 ya yi shekara da shekaru yana harhaɗa Peugeot. Don haka kayanta ba su ɓace ba, daga nan har Kano. Babu kwamfuta a cikinta, babu abin da sai an kawo na'ura kafin a gane ciwonsa. Kunne da hannu da sifana sun isa.

Na je na sami tsohon bakaniken da yake duba ta tun zamanin Baba. Ya zo da yaransa biyu, ya zagaya ta sau uku bai taɓa komai ba, sannan ya durƙusa ya leƙa ƙasa. Na ce, "Baba, batir zan sayo mu gwada ta?" Ya ce, "Ɗana, mutumin da ya kwanta shekara tara ba a ce masa tashi ka yi gudu." Ya kwance buji huɗun, wato filogin da ke ba inji wuta, ya ɗura gazuwal, wato man dizal, haɗe da man inji a kowane rami, ya ce a bar ta. Kwana biyar yana zuwa da safe, ya sa babbar sifana a gaban inji ya ɗan girgiza, ya tafi. A rana ta shida injin ya juya, da ƙyar, yana wani numfashi kamar tsohon jaki. Da na bi son raina na buga mata batir ranar farko, da zobban fistan da suka manne sun kakkarye.

Tankin mai shi ya fi ba ni mamaki. Tsohon esans, wato fetur, ba ya tsayawa yadda aka bar shi, mai sauƙin ya tashi, sauran ya koma wani jan danƙo mai ɗoyi kamar ruɓaɓɓen fenti. Muka sauke tankin, muka zuba tsakuwa da kananzir, yaran nan biyu suka kama shi gefe da gefe suna jijjigawa har suka yi sharkaf da gumi. Abin da ya fito ya cika rabin bokiti, tsatsa da laka. A bakin karbirato kuma, inda mai ke haɗuwa da iska kafin ya shiga inji, zanzaro ya gina gidansa tsaf, ɗaki-ɗaki. Aka wanke, aka hura ƙananan ramukan da iska. Baba bakanike ya doke hannun yaron da ya ɗauko waya zai zura a ramin mai, ya ce waya tana faɗaɗa rami, daga nan mota ta koma shan mai kamar raƙumi a bakin rijiya. Aka sa sababbin buji, aka daidaita bakin filatin na delko, mai rarraba wuta ga buji, a kan milimita 0.4, aka jera wayoyi bisa tsarin wuta 1-3-4-2, aka zuba sabon man inji.

Bugu na uku ta tashi. Hayaƙi ya turnuƙe bayan gida, kaji suka watse, yaran unguwa suka ɗau ihu. Na hango Inna a bakin ƙofa ta rufe baki da mayafi.

To a nan na yi wautar da har yau ake yi mini tsiya da ita. Washegari da sassafe, kafin masu aiki su zo, na sa aka hura tayoyi, na ce bari in ɗan zagaya da ita ƙarshen layi in dawo. Na taka birki a tsaye na ji da ɗan tauri, na ce shi ke nan. Ban yi nisa ba layin ya ɗan gangara, ga mai ga-ruwa ya turo kurarsa cike da jarkoki. Na taka birki, ƙafata ta tafi har ƙasa kamar na taka kunu. Na fizgi birkin hannu, wayarsa ta ƙame da tsatsa, ko motsi. Allah ya taimake ni a giya ta ɗaya nake, mai ruwan kuma ya yi tsalle gefe. Kurar ce ta sha karo. Jarka goma suka kife a rairayi. Wanda ya san Damagaram ya san cewa ka zubar wa mutum da ruwa a watan Afrilu ba ƙaramin laifi ba ne. Na biya ruwa, na biya gyaran ƙafar kura, na ba da haƙuri har bakina ya bushe.

Da Baba bakanike ya ji, bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Ya sa aka ɗaga motar a kan duwatsu, ya ciro tiyon birki na ƙafar baya ya miƙo mini. Daga waje lafiya lau. Ya lanƙwasa shi, sai ga tsaga ta buɗe baki, mai yana tsattsafowa. Ya ce, "Ka ga abin da ka ɗora ranka a kai. Inji kowa na iya tayar da shi. Motar da ta daɗe a tsaye, roba ce take fara mutuwa a jikinta, kuma duk abin da ke tsayar da mota roba ne ke riƙe da shi."

Daga ranar aikin ya sauya tsari, kuma wannan sashen ne ya ci mafi yawan kuɗina da kwanakina, ko da yake babu wanda zai kalli motar ya gan shi. Man birki yana shan damshin iska, ruwan ya kwanta a cikin ƙananan silindoji ya ci su da tsatsa. Na baya, inda birkin ganga yake, duka biyun sun ƙame. Na gaba, inda faifai yake, fistan ɗaya sai da aka fitar da shi da iska mai ƙarfi. Muka canza tiyo duka, da robobin babban silinda, da wayar birkin hannu. Wani abokina ya ce in an rasa man birki ana iya zuba man inji. Kada kowa ya yarda da wannan magana, man inji kumbura robobin yake yi har su lalace. Man birki mai lamba DOT 4 muka zuba.

Fitar da iska daga birki aikin mutum biyu ne, kuma ni aka zaunar a kujera. Baba bakanike yana kwance a ƙasa da ƴar sifana da kwalba, ya fara daga ƙafar da ta fi nisa da babban silinda. "Taka! Taka! Taka! Riƙe!" In riƙe, ya buɗe, ƙafata ta nutse a hankali, ya rufe. "Saki!" Haka muka yi ta yi har cinyata ta fara rawa. Da farko abin da ke fita baƙi ne da kumfa, yana tusa. Can sai ya koma garau kamar man gyaɗa, feda ta tsaya ƙyam a tsakiyar hanya, ba ta ƙara nutsewa ba.

Sai ƙasan mota. Mu nan ba mu da damshin da ke cinye ƙarfe irin na bakin teku, shi ya sa gaban motar yake garau. Amma Baba ya yi shekaru yana ɗaukar kanwa da gishiri da tumaki, kuma abin da ya zuba ya kwanta a ƙarƙashin katako ya yi aikinsa. Ana bugawa da guduma, wani wuri ya yi ƙara tangaran, wani wuri ya yi luƙus, guduma ta shige. Mai walda ya yanke ruɓaɓɓen ya sa sabon ƙarfe. Babban ganyen sifirin na hagu ya tsage dab da ido, shi ma mai waldar ya ce zai ɗinke shi. Baba bakanike ya ƙi. Ƙarfen sifirin in ya sha wuta ya rasa taurinsa, kuma ranar da zai karye, da buhu goma a kansa zai karye. Aka nemo wani.

Tayoyi ma na so in yi wayo, don zanensu bai cinye ba. Aka nuna mini lambobi huɗu da ke gefen kowace taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Nawa duk sun haura shekara goma sha biyu, gefensu ya yi tsaga-tsaga kamar faso. A kwaltar da rana ta gasa, da zafin da ke wuce digiri 40, irin wannan taya ba ta ba da sanarwa. Wayoyin wuta kuwa ɓeraye sun yi walima da su, aka bi su ɗaya bayan ɗaya, aka fitar da duk inda wani ya taɓa naɗa zaren waya a madadin fis.

Muna murna an gama, sai ta fara zafi, man inji ya koma fari-fari kamar koko da madara. Ruwa na shiga mai, dole a buɗe kan inji, abin da muke kira kilas. Injin 504 yana da wata ɗabi'a da ya kamata duk mai irin motar ya sani. Silindojinsa ba a jikin inji aka huda su ba, kwasfa ne guda huɗu da ake zurawa, ruwa na zagaye su, mu kan ce musu shimiz. Kan injin ne ke danne su. In an cire shi, sai a ɗaure su da ƙarfe kafin a juya inji. Baba bakanike ya tafi sallar la'asar, ƙaramin yaron ya ga dama ta samu ya goge kan fistan, ya sa sifana ya juya. Shimiz biyu suka ɗago tare da fistan, abin da ke toshe ruwa a gindinsu ya tashi daga aiki. Aikin kwana ɗaya ya koma sauke inji gaba ɗaya. Ban ga laifin yaron sosai ba, ni ma ina tsaye a wurin ina kallo, har ina yaba masa ƙwazo.

Wannan ne ya kai ni Kano, ta Matamai da Daura, zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa. Na shiga shago na ce ina son juwan na kilas da shimiz. Yaron shagon ya dube ni kamar na yi masa Zabarmanci. Hausa ɗaya muke yi, amma sunayen ƙarfe mu daga Faransanci muka ɗauko, su daga Turanci. Abin da ya cece ni, tsofaffin kayan suna cikin buhu a hannuna. Na zazzage su a ƙasa, ya ce, "Au, gasket da silif kake nufi, Alhaji!" Buhun ya sake yi mini rana, domin injin 504 ba iri ɗaya ba ne, akwai mai lita 1.6, da 1.8, da 2.0, ban da na gazuwal, kuma a ido duk kama suke yi. Sai da muka ɗora sabo a kan tsoho, rami ya hau rami, sannan na biya. An nuna mini gasket mai araha da mai tsada, na tuna kuɗin sauke inji, na ɗauki mai tsadar.

Da aka mayar, Baba bakanike ya ɗaure kusoshin kan inji daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan, zagaye bayan zagaye, ya ce in dawo bayan kilomita 1,000 a sake ɗaurewa. Ya hana ni zuba mata ruwan rijiya, don shi ne ya toshe rabin lagireton da farar ƙasa tun farko.

Takardu sun ci nasu lokacin. Kart giriz, wato takardar mallakar mota, da sunan Baba take, sai da na haɗa takardar shaidar magada da sa hannun ƴan'uwana kafin a mayar da ita sunana, sannan asirans, wato inshora, da takardar duba lafiyar mota. A nan na gode wa Allah da ban bari mai walda ya taɓa wurin da aka buga lambar jikin motar ba. Ya so ya yanke gefen don ya yi kyau, kuma da ya yanke, da lambar da ke takarda ba ta da abin da za a gwada ta da shi. Da na fara da duba takardun nan tun kafin in sayi ko buji ɗaya, da na rage wa kaina jira na mako uku.

Wata bakwai ke nan daga ranar da aka ɗura gazuwal a ramin buji. Fenti dai har yanzu ban yi ba. Da shi na so farawa, yanzu kuwa kuɗin sun ƙare, motar tana yawo da faci-faci na jan fentin hana tsatsa kamar akuya mai roɗi. Allurar mai ba ta aiki, da kara nake aunawa. Ƙofar hagu sai an ɗaga ta da gwiwa take rufuwa.

Fitarmu ta farko ranar Lahadi ce, kasuwar Mirya, kilomita 18 a kan babbar hanyar gabas. Buhu shida kawai na ɗora, don inji sabon haɗi ne, ban wuce 60 ba, masu babur suna ta wuce ni suna waiwaye. Inna ce a gaba, ta ce ita ma tana da sayayya, ko da yake na san ba ta da wata sayayya. Dab da shiga gari wani garken awaki ya faɗo kan kwalta ba zato. Na taka birki. Motar ta tsaya cak, a miƙe, ba ta ja hagu ko dama ba. Inna ta dafa gaban mota, ta bi awakin da kallo har suka gama tsallakawa, sannan ta ce, "Mahaifinka da sai ya yi musu oda tun daga can." Na danna odar, ashe ita ce muka manta ba mu haɗa ba.