Abin da nazarin ƙasar noma ya koya mini game da kabon, naitirojin da fosfaras

A karatun kimiyyar ƙasar noma an koya mana cewa kabon da naitirojin da fosfaras, sinadaran da shuka ke buƙata, suna kewayawa tsakanin iska, ƙasa, tsirrai da dabbobi, amma sai da na fara aiki da manoma na fahimci cewa hanyoyin dawowarsu gona sun bambanta ƙwarai, kuma a kan wannan bambanci ne albarkar gona take tsayuwa ko ta zube.

Kabon shi ne mafi sauƙin bibiya. Ganyen gero da dawa yana zuƙarsa daga iska da taimakon hasken rana, ya gina kara da hatsi da shi, sannan numfashi da ruɓewa da wuta su mayar da shi sama. A ƙasarmu mai zafi, gara da ƙananan halittu suna cinye ragowar tsirrai da sauri, kuma karan da ya kamata ya ruɓe a gona ana kwashe shi domin danni, girki da abincin dabbobi. Shi ya sa kabon ɗin da ke cikin yawancin gonakin jigawa bai kai kashi 1 cikin 100 ba, ƙasar kuma ba ta riƙe ruwa ko taki yadda ya kamata.

Naitirojin ya fi ba ni mamaki. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa shi ne, duk da haka shuka ba ta iya ɗaukarsa kai tsaye, sai wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zaune cikin ƙulle-ƙullen saiwar wake, gyaɗa da waken suya sun sarrafa shi. Manomin da ke haɗa gero da wake a gona ɗaya, ko wanda ya hana a sare gawo, yana amfani da wannan hikima tun kafin a rubuta ta a littafi. Gawo yana zubar da ganyensa da damina, ba ya tare wa shuka rana, kuma da rani dabbobi suna taruwa a inuwarsa su bar kashinsu, shi ya sa hatsin da ke ƙarƙashinsa ya fi na gefe kyau. Sai dai naitirojin ba ya zama wuri ɗaya. Yuriya, wani takin zamani, tana ɗauke da kashi 46 cikin 100 na wannan sinadari, amma idan aka watsa ta a saman ƙasa cikin zafi ba a binne ba, wani kaso yana tashi sama, ruwa mai yawa kuma yana wanke wani zuwa inda saiwa ba ta kai. Raina yana ɓaci idan na ga manomi ya ci bashi ya sayi buhu, ya watsa shi haka.

Fosfaras kuwa ba shi da hanya ta iska kamar sauran biyun. Asalinsa dutse ne, yana narkewa sannu a hankali cikin shekaru masu yawan gaske, kuma a jar ƙasa yakan manne da sinadarin ƙarfe har shuka ta kasa samunsa. Iska tana ɗaukarsa ne kawai a cikin ƙura. Kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, gindin wani tsohon tafki da ya ƙafe, yana cikin manyan wuraren da ƙurar hunturu take tasowa, kuma ƙurar Sahara tana ƙetare Tekun Atlantika ta kai fosfaras har dajin Amazon. Abin da hazo ke saukewa a gonakinmu yana taimakawa, amma bai kai abin da girbi ke fitarwa ba. Akwai dutsen fosfat, wanda ake samun fosfaras daga cikinsa, a yankin Sakkwato da na Tawa, yayin da mafi yawan ajiyar duniya take Maroko.

Wannan ne ya sauya yadda nake kallon buhun hatsi. Duk buhun da aka ɗora a mota zuwa birni ya tafi da fosfaras ɗin gonar, kuma ba zai dawo ba sai wani ya ɗauko shi, ko a buhun takin supa da kamfa, ko a kashin dabbobi da toka. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna yin haka, domin a da jakunan da ke kai itace da amfanin gona cikin birni suna komowa da mangala cike da taki, kuma hakan na cikin dalilan da suka sa ake noma gonakin nan kowace shekara ba tare da an bar su sun huta ba. Yarjejeniyar da manomi ke yi da makiyayi ya kwana da shanunsa a gona bayan girbi ita ma aiki ɗaya take yi. Yau sharar birni ta cika da leda da fasassun kwalabe, manoma da yawa suna ƙyamarta, ragowar abinci da bahaya kuma suna bin magudanai zuwa kududdufai, inda fosfaras ɗin da gona ke nema yake ciyar da gansakuka da kainuwa har kifi ya rasa iskar shaƙa.