Batir ɗin bai ƙara nauyi ba, amma jirgin ya canza

A aikin gyaran ƙananan jiragen sama, ba kasafai ake samun abin da ya fi sauya wa batir mazauni kama da ƙaramin aiki ba. Kusoshi kaɗan ne, da akwati, da waya. Amma a wannan aikin ne na fahimci cewa a jirgi, sanin nauyin abu rabin magana ne. Sauran rabin shi ne inda aka ajiye shi.

Jirgin da muka yi wa aikin a nan Katsina ƙarami ne, mai injin ɗaya da kujera huɗu. Batirinsa na gaba, manne da bangon ƙarfen da ya raba injin da mazaunin matuƙi. Dalilai biyu suka sa mai jirgin ya nemi a mayar da shi baya. Na farko zafi. Duk wanda ya san watan Afrilu a Katsina ya san rana na haura digiri 40, to a haɗa da hucin injin, batir mai ruwan asid ba ya daɗewa a irin wannan wuri. Na biyu, matuƙin ya daɗe yana cewa hancin jirgin ya yi masa nauyi wajen sauka, musamman in su biyu ne kawai a gaba, baya ba kowa. Dalilan duka na hankali ne, kuma akwai jiragen da kamfani ya ƙera su da batir a baya tun asali, kamar da yawa daga cikin Cessna 182.

Babban injiniyanmu, dattijo ne da ya yi karatu a kwalejin jiragen sama ta Zariya, bai bari an taɓa sifana ba ranar farko. Takarda da biro ya miƙo min. "Lissafa min tukuna," in ji shi. Na ce, "Oga, ai batir ɗin dai shi ne, ba a ƙara komai ba." Sai ya nuna min wani ɗan garuwa da ke tura kurarsa a bakin titi, ya ce in lura da inda ya jera jarkokinsa. Jarkar da ke bisa taya ba ta dame shi ba. A matso da ita can wajen mariƙi, nan da nan kafaɗunsa za su ba da labari, alhali ruwan bai ƙaru da ko ludayi ɗaya ba.

Lissafin ba shi da wuya. Kowane jirgi yana da wani layi da kamfani ya tsayar a matsayin mafarin awo. Daga nan ake auna nisan kowane abu da inci. A ninka nauyin abu da nisansa, a tara na duka abubuwan, a raba da jimillar nauyin jirgin, sai a sami cibiyar nauyi, wato wurin da jirgin zai tsaya daidai da za a rataye shi. In kuwa abu ɗaya kawai aka matsar, akwai gajeriyar hanya: nauyin abin sau nisan da ya yi tafiya, a raba da nauyin jirgin duka. A ɗauka batir laba 25 ne, kusan kilo 11, aka kai shi baya inci 120, jirgin kuma da lodinsa laba 2,400. Cibiyar nauyi ta ja baya da inci 1.25 ke nan.

Inci ɗaya da kwata bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Sai mutum ya buɗe littafin jirgi ya ga faɗin filin da aka yarda cibiyar nauyi ta tsaya a cikinsa sannan jikinsa ke yin sanyi. A Cessna 172S, alal misali, iyakar baya inci 47.3 ce daga mafarin awo, iyakar gaba kuma in jirgin ya cika lodi, laba 2,550, inci 41.0 ce. Tsakaninsu inci shida da 'yan kai. Batir kaɗai ya cinye kusan kashi ɗaya bisa biyar na wannan fili kafin fasinja ko ɗaya ya hau.

Kuma ɓangarorin biyu ba ɗaya suke ba wajen haɗari. In nauyi ya rinjaya gaba, jirgi yakan yi taurin kai, yana buƙatar ƙarin gudu kafin ya ɗaga, wajen sauka kuma hanci ya ƙi tasowa har tayar gaba ta riga sauran dira. Abin damuwa ne, amma matuƙi yana jinsa a hannunsa. Rinjayen baya shi ne mayaudari. Sitiyari ya yi sakayau, jirgi ya ɗan ƙara gudu, matuƙi ya ji daɗi. Sai ranar da gudu ya ragu har fukafukai suka daina ɗauka, ya tura hanci ƙasa don ya farfaɗo, hancin ya ƙi sauka. A ranar 8 ga Janairun 2003 wani jirgin Beechcraft 1900D na kamfanin Air Midwest ya faɗi jim kaɗan da tashinsa daga Charlotte a Amurka, mutum 21 suka rasu. Masu bincike sun gano abu biyu da suka haɗu: cibiyar nauyi ta wuce iyakar baya, sannan an yi kuskuren ɗaure wayoyin da ke motsa fiffiken wutsiya lokacin gyara, don haka matuƙan ba su sami isasshen ikon danne hancin ba. Ɗaya daga cikin biyun aikin hannun irinmu ne. Wannan yana tsaya min a rai sosai.

Shi kansa aikin ya zo da nasa ƙananan abubuwa. Batir in ya yi nisa da injin, sai an sa waya mai kauri, in ba haka ba wuta ta rage a hanya, kiki ya riƙa nishi. Wayar tagulla ce, tana da nata nauyin da nata nisan, dole ta shiga lissafi. Na'urar da ke katse wuta ita ma ta bi batir baya, domin kada doguwar waya ta ratsa ƙarƙashin fasinjoji da wuta a jikinta ko da an kashe makunni. Ga bututun fitar da iskar batir zuwa waje. Kafin duk wannan kuma, sauyi irin wannan ba ya halatta sai da zanen da aka amince da shi da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa.

Da muka gama, Oga bai yarda da lissafin takarda kaɗai ba, ya ce a auna. Aka zuƙe mai, aka hau da kowace taya bisa sikelinta, aka daidaita jirgin da lebur. Lokacin hunturu ne, iska na kaɗawa da ƙura. Na ga lambobin sikeli suna rawa, ya ce a rufe ƙofofin rumfar duka. Iska kaɗan in ta bi ta kan fiffike sai ta ɗan ɗaga shi, sikeli ya yi ƙarya. Da aka rufe, lambobin suka tsaya cak.

Abin da ya fi ɗaukar masa lokaci shi ne rubutun. Ya soke tsohuwar takardar nauyi, ya rubuta kwanan wata a kai, ya cika sabuwa, ya gyara jerin kayan jirgin, ya sa hannu a littafin gyara. Matuƙi ba ya auna jirginsa kowace safiya. Lambar da muka rubuta masa yake ɗauka ya ɗora nauyin mai da mutane da jakunkuna. In lambar ta tsufa, duk lissafinsa zai fito tsaf a takarda, a sama kuwa ƙarya ne, kuma ba shi da hanyar ganewa daga ƙasa.

Shi ya sa da matuƙin ya zo karɓar jirgi, Oga ya zaunar da shi suka yi lissafi biyu tare, ɗaya na mutum biyu a gaba, ɗaya na mutum huɗu da kaya. Na farkon ya yi kyau ƙwarai, nauyin hancin ya tafi. Na biyun ya matsa dab da iyakar baya. "Kyaftin," in ji shi, "daga yau in ka ɗauki manya biyu a kujerar baya, jakunkuna ba za su shiga ma'ajiyar baya yadda ka saba ba. Ko ka rage su, ko mai nauyin cikin fasinjojin ya dawo kusa da kai."