Wasiƙa daga Gana: jinyar da ake bin mutane da ita har gida

Assalamu alaikum iyayena da ƙannena na gida,

Ina gaishe ku daga garin Ho, a yankin Volta na ƙasar Gana, inda nake digirin farko a fannin jinyar lafiyar al'umma. Karatun shekara 4 ne. Da yawanmu in an ce nas, mai farin kaya a gefen gadon asibiti muke hangowa. Wannan ma ana koya mana, daga allura har wankin ciwo, amma ainihin aikinmu shi ne mu riski mutum tun bai kwanta ba. Shi ya sa muke karanta yadda cuta ke yaɗuwa, da sha'anin ruwan sha da abinci, da ƙididdiga. Ƙididdigar nan tana ba ɗalibai wuya, sai dai da ita ake gano cewa yaran da ke gudawa a unguwa guda rijiya ɗaya suke sha.

Ranar awo a ƙauye ta fi komai shiga raina. Ana rataye ma'auni a reshen mangwaro, a saka jariri cikin ɗan wandon yadi, yana lilo yana tsala ihu, uwarsa na leƙen lambar. Sai a naɗa masa tef a damtse. In ya faɗa kan ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ta yi tsanani, ba a jira. Akwatin rigakafi kuwa yana inuwa da ƙanƙararsa, domin zafi na lalata maganin. Matar da ba ta kawo ɗanta ba, sunanta na cikin littafi. A nemi gidanta, a yi sallama, a zauna a ji dalili ba tare da faɗa ba.

Wannan tsari na kai kiwon lafiya cikin al'umma, da suke kira CHPS a taƙaice, daga garin Navrongo na arewacin Gana ya samo asali a shekarun 1990: nas ta tare cikin ƙauye, ta zama 'yar gari.

Mu ma mun san amfanin haka. Bayan turjiyar 2003 kan allurar shan inna, matan da suka riƙa shiga gida-gida suna cikin waɗanda suka kai mu ga 2020, lokacin da aka tabbatar Najeriya ta rabu da ainihin nau'in ƙwayar cutar. Amma a 2023 mashaƙo ya ɗauke yara a Kano, alhali rigakafinsa ya daɗe a duniya. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Iyaye, don Allah ku bar 'ya'yanku mata su karanci wannan fanni. Inda aka rubuta "ba a shiga", mace ce ke wucewa har ɗaka, ta yi wa mai jego magana da harshenta. Ƙannena kuma, ku riƙe darussan kimiyya tun daga sakandare, kuma kafin a biya ko sisi a wata makarantar waje, a tabbatar Hukumar Nas da Ungozoma ta Najeriya ta amince da ita, don sai da rajistarta za ku yi aiki in kun dawo.

Wassalam,
'yarku a Ho