Talata, ranar horo a kan sabuwar na'ura

Yau ma hazo ne ya tashe mu. Na fita da wuri saboda an ce ƙarfe 9 za a fara horon na'urar lissafin kayan sito a kamfaninmu na gyaran shinkafa, amma sai da na sha tsayuwa a Ɗan Agundi kafin na samu ɗan sahu mai shiga Sharada. Na isa na tarar an jera kujeru, an tayar da janareto, majigi na haska bango, ga ruwan gora da biskit a gaban kowa. Yaran sito sai murna suke, yau babu dako sai bayan azahar. Ni ma na ji daɗi, domin na gaji da bin katin kaya ɗaya bayan ɗaya duk ƙarshen wata.

Mai horon matashi ne, kamfanin da ya sayar mana da manhajar ne ya turo shi. Ya san aikinsa. Sai dai da Turanci ya fara, da Turanci ya ƙare, kuma gudu yake kamar wanda mota ke jira a waje. Ka haska lambar jikin buhu, ka danna nan, kaya sun shiga. Ka danna can, kaya sun fita. Na'ura biyu kacal ya zo da su, suna hannun na gaba, na baya sai leƙe.

Can wajen sha ɗaya Baba, dattijon da ke riƙe da katin kayan sito, ya ɗaga hannu. Da Hausa ya yi magana, a natse yadda ya saba. Ya ce, “Malam, wannan lambar ai a jikin buhun da muka gama gyarawa take. To idan mota ta zo daga Kura da shanshera, buhunan manoma ne, babu lamba a jikinsu, kuma aka sauke aka tarar wasu sun sha ruwa, a ina zan rubuta?” Wallahi duk zaman nan ba a yi tambayar da ta kai wannan ba, domin rabin rigimar da muke yi da masu kawo kaya a kan haka take. Aka fassara wa mai horo, ya ce yana cikin ɗan littafin da aka raba, za a zo wurin. Har aka tashi ba a zo ba. Shi kuma Oga, yana son ya sa raha, sai ya ce, “Baba, a daure dai, gemu ba ya hana ilimi.” Ɗaki ya ɗauki dariya. Baba ya yi murmushi, ya sauke hannunsa, bai sake cewa uffan ba.

Bayan sallah na same shi a bakin sito, a kan bencinsa, ɗan littafin na kan cinyarsa a rufe. Na ce, “Baba, ko ruwan ba ka sha ba.” Ya ce, “'Yata, zauna.” Na zauna. Ya ce shi bai taɓa cewa gemu na hana ilimi ba. Da ƙarfinsa, yana dako da rana, ya shiga ajin yaƙi da jahilci na dare, lokacin da gwamnatin Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a 1980. Kafin nan da ajami yake rubuta lissafinsa. A can ya koyi boko, da shi kuma ya riƙe katin kayan nan tun kafin a haifi yawancin masu dariyar. Sai ya ce, “Na'urar ba ta ba ni tsoro. A ba ni ita a hannuna, a bar ni na yi kuskure ni kaɗai. Amma yaran da ni na nuna musu yadda ake jera buhu a kan katako su zuba mini ido ina lalube, wannan ne ba zan iya ba.”

Maganar nan ta tsaya mini a rai har yanzu. Babba ba ya koyo irin na ɗan makaranta. Ya zo da abin da ya sani, yana son a ɗora masa sabon a kan wancan, kuma yana da mutuncin da yake karewa. Da an ɗauko katinsa an ajiye kusa da na'urar, an ce layin “shiga” ga shi nan, layin “fita” ga shi nan, ragowa ga inda take bayyana, na tabbata kafin la'asar ya kama. Mutumin da zai soka hannu a buhu ya gaya maka shinkafar ba ta gama bushewa ba, danna maɓalli ba zai gagare shi ba.

Abin da ya ƙara ɓata mini rai, ni nake haɗa takardun. Duk shekara muna biyan ITF, asusun gwamnati na horar da ma'aikatan masana'antu, kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikata, kuma doka ta ba da dama a mayar wa kamfani wani kaso idan ya nuna ya horar da mutanensa. Tun 1971 aka kafa asusun don ma'aikaci ya ƙaru. A wurinmu kuwa abin da aka fi damuwa da shi yau takardar sa hannu ce da hoton da aka ɗauka a ƙarshe. Baba ya sa hannu, yana cikin hoton, a takarda an horar da shi.

'Yar SIWES ɗinmu, ɗalibar da makaranta ta turo mana koyon aiki, ita ma tana can gefe. Tun da ta zo babu wanda ya zaga da ita ya nuna mata ko ina ne ina, sai aiken kwafin takardu. Ita kuwa ta gane manhajar tun kafin mai horo ya kai rabi. Na roƙi a bar mana na'ura ɗaya, na kai ta wurin Baba, na ce ta nuna masa da Hausa bayan yara sun shiga lodi, shi kuma ya nuna mata sito. Da na wuce wajen ƙarfe 4 na ji yana ce mata, “A'a, maimaita, a hankali,” ita kuma tana tambayarsa dalilin da ya sa ake fara fitar da tsohon kaya kafin sabo.

Tambayar shanshera dai har yanzu babu amsa. Na duba ɗan littafin daga farko har ƙarshe, babu ita a ciki. Gobe in sha Allah zan sa Oga ya kira kamfanin kafin motar Alhamis ta iso.

A gida babu wuta. Auta ta dawo da tari, hazon nan ne. Yaya ta kira a kan ankon biki, na ce mata sai an yi albashi.