Aikin ɗaura fulota a jiragen shaƙatawa na ruwan Ikko

Da rediyon mota na fara, a wata rumfa a Sabon Garin Kano, daga nan na koma saka ƙararrawa da tiraka, na'urar bin sawun mota. Tiraka ce ta kawo ni Legas, na biyo wani maigidana mai shigo da motoci. Wata rana wani da na yi wa aiki a Ikoyi ya ce in zo in duba masa jirginsa na ruwa, fitilu sun ƙi kamawa. Da na buɗe bayan sitiyari na tarar wayoyin duk sun yi kore, ina taɓawa suna marmashewa a hannuna. Wayar mota aka yi aikin da ita, iskar gishiri ta cinye ta. Ranar na gane akwai sana'a a bakin ruwan nan wadda masu yinta da kyau ba su da yawa. Yau ni da yara huɗu ne, shagonmu kwantena ce kusa da Five Cowrie Creek, kuma rabin aikinmu ɗaura fulota ne.

Fulota na'ura ce mai fuska kamar ƙaramar talabijin, tana ɗauke da taswirar ruwa, tana kuma nuna jirginka a kai yana tafiya. Inda kake tana samo shi ne daga taurarin GPS na Amurka, waɗanda ke shawagi a nisan kilomita 20,200 daga ƙasa, kuma sai ta ji aƙalla huɗu kafin ta tsayar da wuri. Sababbin na'urori suna haɗawa da taurarin Rasha da na Turai, wasu har da na Sin. Kafin watan Mayun 2000 Amurka da gangan take dagula siginar farar hula, kuskure ya kan kai mita 100. Yanzu 'yan mitoci ne. Saboda haka idan mai jirgi ya tambaye ni ko na'urar tana ƙarya game da inda yake, nakan ce masa da wuya. Matsalar tana wajen taswirar, zan zo kanta.

Yawancin masu jiragen nan a waje suke sayo na'urarsu, Garmin ko Simrad ko Raymarine ko Lowrance, a zo mana da ita a kwali. Wadda aka saya a Amurka galibi taswirar gaɓar Amurka ce a cikinta. Ka kunna ta a Ikoyi, sai ka ga Legas kamar zanen ɗan firamare, ga ƙasa ga ruwa, babu zurfi babu alama. Dole a sayi katin yankin Afirka ta Yamma daban, na Navionics ko na C-MAP, gwargwadon wanda na'urar ke karɓa. Shi ya sa nake roƙon mutane su kira ni kafin su biya kuɗi, ba bayan kaya sun sauka ba. Katin kwafi mai araha kuwa ba na saka wa kowa, ko da zai kai aikin wani wuri.

Kafin a huda komai nakan sa direban jirgin ya tsaya inda yake tsayawa, ya zauna inda yake zama, da tabaran da yake sawa. Akwai tabaran da ke kashe ƙyallin ruwa, shi kuma yakan mayar da fuskar wasu na'urori baƙa wuluk idan aka kalle ta a karkace. Sai mu duba tazara da kamfas, don kowace na'ura an rubuta mata nisan da za ta yi da shi, in ba haka ba ta ja allurarsa. Huda faiba, wato abin da ake yin jikin jirgin da shi, ba ta da gyara mai sauƙi, don haka sau biyu muke awo, mu manna takarda, mu leƙa baya mu tabbatar babu waya ko bututun sitiyari a wurin.

Wutar lantarki ita ce inda ake cin amanar masu jirgi, domin babu mai gani. Mu waya mai rufin kuza muke amfani da ita, kowane sili an shafe shi, kowane haɗi an matse shi an rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Fiyus yana zama kusa da batir, ba kusa da na'ura ba, saboda wayar yake karewa kada ta kama da wuta a jirgin da ke ɗauke da fetur. Idan fulota tana mutuwa duk lokacin da aka tayar da inji, to wuta ce ke faɗuwa, ko wayar ta yi siriri ko an jona ta a batirin inji. Aikinmu ya fi na wasu tsada saboda waɗannan abubuwa, kuma ina faɗa wa mutum tun farko.

Abin da ya fi cin lokacina shi ne ɗan abin da ke auna zurfi, tiransdusa. Sauti take harbawa ƙasa ta jira amsa. Sauti a ruwa yana gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa, daga lokacin da ya ɗauka ya je ya dawo ake lissafa zurfin. Babban abokin gabarta kumfa. Idan aka ɗaura ta a bayan jirgi daidai inda wani ƙunci ko mashigar ruwa ke tayar da kumfa, a jeti za ta yi aiki lafiya lau, ana taka wuta lambar ta ɓace. Mukan sa a fito da jirgi tudu, mu kwanta a ƙarƙashinsa mu bi cikinsa da ido mu nemi inda ruwa ke fita sumul. A jirgi mai inji ɗaya yawanci ɓangaren dama ne, inda fukafukan farfela ke yin ƙasa. Ta ɗan leƙo ƙasa da cikin jirgin kaɗan, ba da yawa ba, don kada ta riƙa feshi ko kainuwa ta fizge ta. Akwai wadda ake mannawa daga ciki, amma sai jirgin faiba zalla, ba ta jin komai ta cikin katako ko soso. Wayarta ba a yanke ta, komai tsawonta sai a naɗe a ɗaure, kuma ba a haɗa ta hanya ɗaya da wayoyin inji. Bayan haka sai a gaya wa na'urar tazarar da ke tsakanin tiransdusa da ƙasan farfela. Mutane da yawa suna tsallake wannan, sai mutum ya ga mita ɗaya a fuska ya ɗauka yana da mita ɗaya, alhali ƙafar injinsa ta cinye rabi.

Haɗa na'urori da juna ya yi sauƙi tun da NMEA 2000 ta yaɗu. Igiya ɗaya ce kamar ƙashin baya, kowa ya jona a jikinta: fulota, inji, rediyon VHF, tankin mai. Kowane ƙarshe da toshiyarsa mai om 120. Abu na farko da nake koya wa yaro shi ne ya kashe wuta ya sa mitar gwajin waya, in ya ga 60 lafiya, in ya ga 120 toshiya ɗaya ta ɓata. Reshe kuma kada ya wuce mita 6. Rediyon da ya samu wuri daga fulota, idan an yi masa rajistar lambarsa, danna jan maɓalli kaɗai zai aika inda kake ga duk mai saurare.

To, taswira. Ruwan Legas ba ya zama yadda aka auna shi. Ana haƙar yashi dare da rana, ana cike gaɓa ana gini, damina tana kawo laka daga Ogun. Inda manyan jirage ke bi, daga bakin teku ta Commodore Channel zuwa Apapa da Tin Can, ana yashewa ana aunawa, taswira tana da ƙarfi. Amma ka shiga Badagry Creek za ka Ilashe, ko ka nufi gabas wajen Epe, lambobin da ke kan fuska wasunsu sun girmi direban. Ga ruwa yana cika yana janyewa sau biyu a yini, bambancin ya kai wajen mita ɗaya a bakin teku. Ga turakun masunta da gungumen tsofaffin jirage da ba kowanne ke kan kati ba.

Wani Alhaji da muka ɗaura wa babbar na'ura mai inci 12 ya kira ni wata Lahadi da la'asar, muryarsa na rawa. Ya karɓi tuƙi daga direbansa, ya danna wurin da za su, na'ura ta ja masa layi miƙaƙƙe, ya bi. Suka hau tudun yashi da iyalinsa a ciki. Allah ya kiyaye babu wanda ya ji rauni sosai, farfela ce ta tafi. Ya ce, "Malam, ai taswirarka shuɗi ta nuna, ruwa ne." Na ce, "Ranka ya daɗe, ruwa ne a shekarar da aka auna. Layin nan kuma bai san akwai tudu ba, daga nan zuwa can kawai ya sani." Abin ya tsaya mini a rai kwanaki, domin na ɗaura masa kaya ban zaunar da shi na koya masa ba. Tun daga ranar ba na miƙa makulli sai mun fita ruwa tare, kuma kuɗin fitar yana cikin kuɗin aiki, ba zaɓi ba ne.

A fitar nan abin da muke yi shi ne shimfiɗa sawu. Muna ɗaukar direban da ya san ruwan, yawancinsu Ilaje ne ko Egun ko Ijo waɗanda a kwalekwale suka tashi, mu bi hanya a hankali lokacin da ruwa ya janye, na'ura tana zana inda muka bi. Mu adana sawun da suna: gida zuwa Tarkwa Bay, gida zuwa Ilashe. Duk inda direba ya nuna da hannu ya ce akwai ƙarfe a nan, mu dasa alama. Mu saita ƙarar gargaɗi ta zurfi. Wannan sawu ya fi katin da aka saya da dala amfani a wuraren nan, kuma duk bayan damina ya kamata a sake shi. Ɗaya daga cikin yarana ɗan Yawuri ne, gidansu Sarkawa ne, yana kallon launin ruwa da yadda yake murɗawa ya gaya maka akwai tudu kafin na'ura ta yi ƙara. Shi nake sawa gaba a irin wannan fita.

Wani abin da ya taɓa ruɗa mu shi ne lambobin wuri. Mai gidan hutu a bakin ruwa ya kwafo lambobi daga takardar filinsa, muka shigar, alama ta faɗa cikin daji nesa da jetinsa da mitoci masu yawa. Takardun safiyo da yawa a ƙasar nan a kan ma'aunin Minna aka yi su, fulota kuwa WGS 84 take bi. Yanzu sai dai mu je jetin da kanmu mu danna alama muna tsaye a kansa.

Lokacin hunturu ne mutane suke gane darajar abin. Hazo yakan sauka a Disamba da Janairu har ka kasa ganin gaɓar da ke gabanka, kuma lokacin ne kowa ke son fita da baƙi. Mai AIS, na'urar da jirage ke sanar da juna inda suke, zai ga manyan jirage a fuskar fulotarsa da sunansu da saurinsu, ya san ya kauce wa hanyarsu. Kwalekwalen katako da jirgin fasinja da mai jan yashi kuwa yawancinsu ba za su fito a fuska ba. Don haka nake gaya wa direbobi su rage hasken na'ura da magariba, su rage gudu, mutum ɗaya ya tsaya gaba yana kallon ruwa. Kainuwa ma lokacinta ke nan, takan naɗe tiransdusa lambar zurfi ta ɗauke, sai an tsaya an cire da hannu.

Daga Oktoba layi yake fara tsawo a wurinmu. Yanzu haka jirage uku ne a tudu suna jira, ɗaya an kawo shi ne wai fulota ta mutu, muka buɗe muka samu an jona ta da wayar sifika an naɗe da salatif. Na'urar lafiyarta ƙalau. Gobe da asuba ruwa zai janye, ni da ɗan Yawuri za mu fita da na biyun mu sake masa sawun Ilashe, don direbansa ya ce tudun da ke bayan Snake Island ya matso tun bayan ruwan Satumba.