Parkin ɗin Kaka Baturiya

5 ga Nuwamba. Tun la'asar ake ta harba nokawut a unguwar nan, biyar ba ta yi ba gari ya yi duhu, Auta ta manne a jikina ta ƙi sauka. Ku da kuka zo ƙasar nan ta Ingila bana ku kwantar da hankalinku ba yaƙi aka fara ba, daren Guy Fawkes ne, mutumin York ɗin nan da aka kama a 1605 yana gadin gangunan albarushi a ƙarƙashin majalisa. Shekara ɗari huɗu da ɗoriya mutanen nan ba su huce ba.

Safiya ba wani labari. Na sauko daga aikin dare, na kai yara makaranta, bas ta makara kamar kullum, ɗan barci. Injin wanki ya sake wannan ƙugin nasa, Abban su ya ce zai duba. Toh.

Wajen biyu sai ga Kaka Baturiya tana ƙwanƙwasa ƙofar baya da gwangwaninta mai hoton Sarauniya, wannan da murfinsa ya lotse. Tun kafin na buɗe na san parkin ne don bara ma ta kawo, amma bana ta shigo ta zauna, ta ce ƙafarta ce ke damunta bari ta huta. Na ɗora shayi. Kafin na ce komai ta ɗaga hannu ta ce babu kitsen alade a ciki, da bota ta yi, ta ma zo da takardar botar a jakarta don na gani da idona, wallahi sai da na ji kunya ta kama ni. Ga wanda bai taɓa ci ba, wani kek ne baƙi mai danƙo, da garin oats ake yi irin na kwakar da muke damawa yara, da citta mai yawa, da wani baƙin ruwan rake mai kauri kamar an narka mazarƙwaila an bar ta ta ɗan ƙone. Kuma ba a ci ranar da aka gasa, sai ya kwana kamar sati a gwangwani ya yi laushi yana kama yatsa. Na ce Kaka me ya sa ba da fulawa zalla ba, ta ce yarinya a tuddan nan namu na arewa alkama ba ta yi sosai, sanyi da ruwa sun yi yawa, oats ne ke fitowa, shi ya sa da shi talaka ya rayu. Na ce ai a Manchester ma na taɓa cin parkin, ta yamutsa fuska ta ce wancan na mutanen Lancashire ne, fari-fari, zaƙi kawai. Mota awa ɗaya ce fa tsakaninsu da nan Yorkshire amma ta faɗe shi kamar wata ƙasa.

Muna cikin haka Yaya ta kira bidiyo. Na juya mata kyamara ta gaisa da Kaka, ta ga abin da ke faranti, sai ta kwashe da dariya ta ce da Hausa wai wannan ƙonannen abun ne kek ɗin nasu, ke dai Allah ya ba ki haƙuri da abincin marasa lafiya, dafaffen dankali ba yaji ba magi. Kaka ba ta ji komai ba sai murmushi take tana ɗaga mata hannu. Ni ma na yi dariyar a lokacin, ai maganar da muke yi ce kullum a grup, amma tun da na kashe wayar abun ya tsaya mini a wuya har yanzu da nake rubutun nan.

Saboda bayan wayar na ga tana ninke takardar botar nan a hankali tana mayarwa jaka, na ce kawo na jefa a shara, ta ce a'a da ita take shafa gwangwanin gashi, akwai sauran maiƙo a jiki. Daga nan labari ya ɓalle. An haife ta ana tsakiyar yaƙin Hitila, ta tashi ta tarar komai da kati ake saye, tun Janairun 1940 gwamnati ta fara ƙayyade bota da sukari, daga baya nama da shayi da cuku suka biyo. Babban mutum ƙwai ɗaya a sati, bota wajen giram 60 a sati, ku auna wannan a cokali ku gani. Kuma yaƙin ya ƙare a 1945 amma katin bai ƙare ba, burodi ma da ba a taɓa shi ba lokacin yaƙin sai a 1946 aka sa shi a kati har 1948. Alewa sai Fabrairun 1953 aka sake ta, ta ce ranar ita da yayanta sun sha har cikinsu ya ɓaci. Nama kuwa sai Yulin 1954. Shekara goma sha huɗu uwa tana dafa abinci da abin da kati ya ba ta, 'yarta kuma a hannunta ta koya, to ina yaji zai fito?

Kuma tun kafin yaƙin ma, in ka bi abincin da kowane yanki ke tutiya da shi za ka ga dabarar mai ƙaramin ƙarfi ce. Yorkshire pudding ɗin da yanzu ake jerawa gefen nama ranar Lahadi, Kaka ta ce a gidansu shi ake fara ba su shi kaɗai da romo, fulawa ce da ƙwai da madara a gasa a kitsen da ya ɗigo daga naman, ku cika cikinku da shi tukun, kafin a zo kan naman kowa ya ƙoshi, ragowar ta kai su Litinin da Talata. Tun 1747 sunansa yake a littafin girkin Hannah Glasse. Mutanen Lancashire da take rainawa su kuma hotpot ne, wuyan rago da albasa a rufe da yankakken dankali a bar shi a murhu yana dahuwa a hankali saboda matan suna masaƙa, ba mai zaman gadin tukunya. Can Cornwall masu haƙar kuza ne ke shiga rami da pasty, nama da dankali da albasa a naɗe cikin ɓawon fulawa, ba kwano ba cokali. Kifi da soyayyen dankalin ma da ake ce masa abincin ƙasa, suyar kifin Yahudawan da suka gudo daga Sifaniya da Fotugal ne suka zo da ita, wajen 1860 aka fara haɗa su a shago, kuma shi ne gwamnati ba ta sa a kati ba lokacin yaƙin. A nan Yorkshire har yau shaguna da yawa da kitsen shanu suke suya, shi ya sa nake ce wa sababbin zuwa ku tambaya kafin ku saya.

Wurin da jikina ya yi sanyi shi ne da ta ce ita fa har ta yi wayo ba ta san ɗanɗanon botar gaske sosai ba, majarin suke shafawa, uwarta tana cakuɗa su don ta auku. Na ce Kaka kin san da me ake yin majarin ɗin nan? Ta ce mai dai. Na ɗauko waya na nuna mata hoton dalar gyaɗa ta Kano. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 gyaɗarmu ke gangarawa Ikko a loda ta a jirgin ruwa zuwa nan, a matse man a yi majarin da sabulu, bayan yaƙin ma da suke cikin tsananin rashin mai buhunan nan suna jibge a Kano suna jiran taragu. Na ce mata kakana na wajen uba dako ya yi a wurin, a ka yake hawa da buhu har ƙololuwa, Inna ta ce har ya rasu wuyansa bai daina ciwo ba. Ta karɓi wayar ta cire tabarau ta mayar, ta daɗe tana kallo, sai ta ce nawa ake biyansa. Tambayar da ta yi kenan, ba ta ce sannu ba ba ta ce komai ba, uban ta ma a masaƙar ulu ya ƙare da tari, ita lissafin lada ta sani. Mun yi shiru shayi ya huce.

Ni ba cewa nake abincinsu ya fi namu ba fa kar wata ta zo mini a ƙasa, har gobe in an ba ni dafaffen kabejinsu sai na zazzaga yaji daga jakata. Kawai dariyar ce ta tsaya mini, tsohuwa ta yi sati tana ajiyar abu, ta ɗingiso da ƙafa mai ciwo da takardar shaida a jaka, mu kuma muna yi da ita a gabanta da yaren da ba ta ji. Na ɗauki waya zan yi wa Yaya bayani na ajiye, na san abin da za ta ce, wai na zama 'yar gari.

Yara sun dawo sun cinye rabi a tsaye. Babban ya ce citta ta yi yawa amma ya ƙara. Abban su ya ce a ajiye masa na safe da shayi, na ɓoye yanka biyu a saman firij.

Ta ce Lahadi in ba ni da aiki za ta koya mini pudding ɗin, amma da sharaɗi, ba ta yarda da man gyaɗa ba sam, sai kitse, kuma sai ya yi zafi yana hayaƙi kafin a zuba ƙullun in ba haka ba ba zai tashi ba. Don haka Abban su in kana karantawa, Asabar in ka je wajen mahaucin nan ɗan Pakistan ka ce ya haɗo da kitsen shanu rabin kilo. Da injin wanki.